Kafin Wake Ya Dahu

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi, kamar yadda ake kewaye wurin da ruwa ya cinye a hanya. Na rubuta muku labarin gidan da aka haife ni, na rubuta aurena da babanku, har akuyar da ta cinye mini littafin ajin yaƙi da jahilci na rubuta, kun sha dariya. Yau kam dariyar kaɗan ce. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san da girmana na koyi riƙe biro. Magana ce a kan shekarar da ƙanwata Falmata ta rasu a Ikko, da laifin da aka ɗora wa Yayanku tun daga ranar, alhali ba nasa ba ne.

Kun san ni da son gindin murhuna. Ko biki na je Auyo, kafin la'asar zuciyata ta riga ni komawa gida, ina tunanin ko an ba kaji ruwa, ko an kwashe shanya. Sana'ata ma ta taya ni. In sayi shanshera, shinkafa mai ɓawonta, in jiƙa, in turara a babbar tukunya, in shanya, in kai inji. Aiki ne da ba ya son a juya masa baya. Babanku, Allah ya jiƙansa, yakan ce da za a raba gwal kyauta a Gumel, sai na fara tambaya ko za a dawo kafin magariba. Falmata kuwa ƙafarta ba ta zama. Shekara uku na ba ta, amma ita ce bakina tun muna yara, ita ke rama mini faɗa a bakin rijiya. Da na haifi Yayanku, kun san al'ada, ɗan fari ne: ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ko kuka yake sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Falmata ce ta goye shi. Ita ta yi masa rawa, ita ta tauna masa gyaɗa, ita ke ƙwala masa kira da sunansa gatsau daga zaure har ƙuryar ɗaki. Yana da shekara biyar aka yi mata aure da wani mai fataucin bandar kifi, daga baya suka tattara suka koma Agege, can cikin Ikko. Ranar da motarsu za ta tashi sai da aka ɓanɓare yaron daga zanenta.

Shekara talatin da ɗoriya tana can. Duk bayan shekara biyu takan zo, a mota, kwana da wuni a zaune, ta sauko ƙafafu a kumbure kamar an hura su. Ni ko sau ɗaya ban je ba. Takan zauna a tabarmar nan ta ƙarƙashin darbejiya tana matsa ƙafa tana yi mini tsiya.

"Yaya, wai an binne cibiyarki a ƙarƙashin tukunyar nan ne?"

"Ke da aka jefa taki a kogi ai ga ki nan, har yau ba ki tsaya ba."

"To ki zo ki ga ɗakina mana, ko sau ɗaya. Ki zo ki kushe mini labule."

"Ikko ta yi nisa, 'yar nan. Ni ba zan iya kwana a mota ba."

Wannan ita ce garkuwata, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙarya nake. Ikko da nisa. Kowa ya sani.

Kakarmu, wadda iyayenta suka taso daga wajen tafkin Chadi, tana da wata magana da take yawan yi. Takan ce a ƙasar nan tamu ba a tambayar nisa, wata ake tambaya. Da rani ƙauyen da ke ƙetaren kogi ɗan taki ne, ka je ka sha fura ka dawo inuwa ba ta juya ba. Da damina ta yi nisa, ƙauyen nan dai, kana hango hayaƙin girkinsu, sai ka wuni ba ka isa ba. Na ji wannan magana ya fi sau ɗari. Na iya ta har da muryar tsohuwar. Amfani da ita ne ban yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Falmata ba ta zo ba. Ƙafar da ke kumbura don zaman mota ta kumbura ba tare da mota ba, likita ya ce ƙoda ce. Muna waya kusan kullum, 'yarta Abu ce ke riƙe mata wayar idan hannun ya gaji. Muryar tana nan da tsiyarta, shi ya sa na ƙi yarda abin ya kai yadda ake faɗa.

"Yaya, wai sai an aiko miki da ni a kwalin kifi za ki gan ni?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Wace irin magana ce wannan?"

"To ki zo."

Lokacin Yayanku yana koyarwa a Kano. Wata Juma'a ya zo gida, ya durƙusa nesa da ni kamar yadda ya saba, ya gaishe ni, ni kuma ina tankaɗe ina amsawa ba tare da na dube shi ba. Ya ce ya yi tanadi, zai kai ni wurin Innarsa a jirgin sama. Na ce wane ni. Ya ce ba kwana a hanya, ba kumburin ƙafa. Ya ciro wayarsa yana nuna mini wani zane, ga ɗigo nan Kano, ga ɗigo can Ikko, da zare a tsakaninsu.

"Iya, idan an miƙe ta sama, kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai."

"Kai, bar ni da kilomita, ban san mudun da ake auna ta ba. Awa nawa?"

"Awa ɗaya da rabi. Wani lokacin ma ba ya cikawa."

Na ajiye rariyar. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya rantse. Na ce to Ikkon matsowa ta yi, ko Kanon ce ta gangara? Babanku yana alwala a gefe, dariya ta sa ya sake wanke fuska. Nan take yaron ya buga wa Falmata, ya buɗe muryar kowa na ji, ya ce ta faɗa mini da bakinta.

"Kin ji ko, Yaya? Ranar da za ki taho, kina sa ƙafa a jirgin a bugo mini, in ɗora wake. Wallahi kafin ya dahu kin sauka. Shinkafa da wake zan yi miki da mai da yaji, irin na Kaka, ki zo ki ce gishiri bai ji ba yadda kika saba."

"Ke da ba kya iya tsayuwa, wa zai ba ki murhu?"

"A zaune zan yi. Ke dai ki zo."

'Ya'yana, ku saurara da kyau, don nan ne na ɓata. Wannan awa ɗaya da rabin da aka kawo don ta ja ni, ita ce ta zaunar da ni. Da an bar ni da Ikko mai nisa, wataƙila da na yi mata shirin nisa: a sa rana, a yi guzuri, a sallami maƙwabta, a tafi. Amma da aka ce dahuwar wake ce, sai zuciyata ta ce, ashe nan ne da nan, ashe bayan katanga ne. Kuma kun sani, maƙwabciyar da ke bayan katanga ita ake shekara ba a leƙa ba, don kullum gani ake gobe ma rana ce. Ban taɓa zama na lissafa cewa wannan awa ɗaya da rabin daga filin jirgi zuwa filin jirgi take ba. Babu garinmu Haɗeja a cikinta. Babu ƙofar ɗakina, babu ta Falmata.

Na ce a bari sai bayan Sallah. Sallah ta wuce, ya sayi tikiti, ya bugo ya faɗa mini ranar. Saura kwana biyu na ce masa na karɓi shansherar mutane buhu shida, na riga na jiƙa, in na tafi za ta yi tsami. Gaskiya ne na jiƙa, amma ni na san ranar tafiyar kafin in zuba ruwan. Ya ce, to Iya, me zan ce wa su Inna? Suna can sun gyara ɗaki. Na ce, ka ce musu ba a samu kujera ba. Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Ya ce to. Bayan sati uku ya sake saye. Lokacin damina ta kankama, kogi ya fara cika, maza suna kwana a kan jinga suna cusa ƙasa a buhu don kada ruwa ya ɓalle cikin gari. Na ce wa zai bar gidansa ruwa na bakin ƙofa? Wannan ma da gaskiya a ciki, sai dai unguwarmu kan tudu take, tun da aka kawo ni gidan ruwa bai taɓa wuce dokin ƙofa ba. Ban ɓoye muku ba, tsoron jirgin ma yana nan, ina jin kunyar faɗa. Na sake cewa ya gaya musu tikiti ya yi wuya, kuɗin ya tashi, ana nema. Ya sake cewa to. Falmata ta bugo mini a ranar, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ko yaron nan ba shi da hali ne yake jin nauyin faɗa? In haka ne kada ki matsa masa."

"Yana ƙoƙari," na ce. Iyakar abin da na ce ke nan.

Wata Talata bayan sallar asuba Abu ta bugo. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Inna Babba, ki taho yau. Tun jiya sunanki take kira."

Na buga wa Yayanku. Ya ce akwai jirgin ƙarfe biyu, zai je ya kama mana kujera, in fito yanzu-yanzu, don an ce ruwa ya yanke titin Kano a wani wuri. Na ce to. Na juyo, sai ga tukunyata a kan wuta, shinkafa ta fara tururi, tun kafin asuba na ɗora. In an bar ta, ta ƙone. In an sauke ba ta yi ba, ta lalace. Babanku ya ce, baiwar Allah, bar tukunyar nan, za a samu mai dubawa. Na ce saura kaɗan, ai jirgin sai ƙarfe biyu, kuma tafiyar duka awa ɗaya da rabi ce. Kun ji ni? Har a wannan safiyar ina faɗar haka. Na tsaya na sauke ta, na baza ta a kan tabarmi, na ja kunnen maƙwabciyata a kan kaji. Awa guda cur na ci a nan.

Motar da muka shiga ta yi ta gudu har muka iso inda titi ya ƙare. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, jajir, yana tafe da karan dawa da kan shinkafar mutane. Motoci sun yi layi ta nan, sun yi layi ta can, masu fito suna ɗiban mutane a kwalekwale. Ga ƙetaren can ina hango shi, ina ganin har mai sayar da rake. A nan maganar Kaka ta faɗo mini, na ji kamar tana tsaye a bayana. Babanku ya yi ta roƙo, yana cewa 'yar'uwarta ce ba lafiya, a taimaka. Wani mai fito ya ce, "Baba, duk wanda ka gani a nan da uzurinsa, ga mai naƙuda can ma tana jira." Sai da rana ta take tsaka na samu shiga. Babanku ya tsaya a bakin ruwa da takalmansa a hannu, ni na haye. A ƙetare kuma sai da motar ta cika. Direban ya yi iya yinsa, Allah ya saka masa, har fasinjoji suna yi masa faɗa a kan gudu.

Da ɗan adaidaita sahu ya sauke ni a filin jirgin Kano, Yayanku yana tsaye a bakin ƙofa da takardu biyu a hannu. Ya karɓi jakata. Sai muka ji ƙara, wadda ke shiga har cikin haƙori, na ɗaga kai na ga abin ya miƙe sama ya karkata kudu. Na tambaye shi tun yaushe aka rufe ƙofa. Ya ce bai fi minti arba'in ba. Ban gaya masa zancen tukunya ba. Yau ne zai fara ji, in an karanta masa.

Babu sauran kujera sai jirgin washegari da azahar. Muna gidansa, bayan la'asar sakaliya, wayarsa ta yi ƙara. Ya fita waje ya amsa. Da ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa, sai kawai na ji babban mutum, malamin makaranta, yana kuka irin wanda ya yi ranar da aka ɓanɓare shi daga zanenta. Da na samu jirgin nan, da na same ta da rai, da sauran lokacin da za ta yi mini tsiya ko sau ɗaya. Washegari da hantsi suka kai ta makwancinta. Ban ce su jira ni ba. Ba a ajiye gawa don mai nawa.

Kuna yawan tambayata yaya jirgin sama yake, ina ce muku na manta. Ban manta ba. An ɗaure ni da ɗamara a kujera, kunnena ya toshe, wata yarinya ta miƙo mini ruwa da ɗan burodi. Na leƙa taga na ga wani babban kogi ya zama kamar zaren da ya faɗo daga bakin zane. Na ciro carbi na ce bari in yi wa Falmata salati dubu. Ban kai ƙarshe ba aka ce a gyara zama za a sauka. Wallahi haushi ne ya kama ni. Na so a ce tafiyar ta yi tsawo, ta ba ni wuya, ƙafata ta kumbura, in samu abin da zan nuna. Abin da na yi shekara talatin ina ja da baya a kansa, ko gyangyaɗi bai ishe ni yi ba.

Gidan cike yake da masu gaisuwa. Abu ta kama hannuna ta kai ni ɗakin uwarta. Na ga labulen, shuɗi ne mai furanni, babu abin kushewa a jikinsa. A ƙarƙashin gado ta jawo wani kwanon sha mai murfi ta buɗe. Wake ne, fari tas, an tsince shi babu tsakuwa ko ɗaya.

"Tun ranar da aka ce za ki zo ta sa aka auno," in ji Abu. "Da kanta take tsincewa a kwance. Ƙwari suka huda na farko da na biyu, ta sa aka sake sayo wani. Wannan na uku ne. Ta ce kada kowa ya taɓa, na Yaya ne, ana bugowa za a ɗora."

Ina riƙe da kwanon Yayanku ya yi sallama ya shigo yi mata gaisuwa. Abu ta miƙe. Ɗakin da mata kusan goma.

"Yaya, ka kyauta. Matar da ta goye ka. Wata uku tana jiran 'yar'uwarta, kai kana cewa babu kujera, babu kujera. Jirgin Kano kullum sai ya wuce ta saman gidan nan, tana ƙirga shi. In kuɗinka kake ji, ai da ka faɗa, da mun sayar da abin da muke da shi mun aiko."

Ya dube ni. Sau ɗaya, ba da daɗewa ba. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon wake. Matan da ke wurin suka ce, Allah sarki, ɗan fari ne, ba za ta iya sa baki ba, kunya ce. Har wata tsohuwa ta yaba mini, ta ce irinmu sun ƙare. Shi kuwa ya ce, "Ki yi haƙuri, Abu. Laifina ne." Ya tashi ya fita.

To ku ji daga gare ni: ba alkunya ba ce. Alkunya ta hana ni kiran sunansa, ba ta taɓa hana ni faɗin gaskiya ba. Samun ta na yi a kusa na lulluɓa da ita, don ban iya ɗaga ido a ɗakin Falmata, da kwanon nan a cinyata, in ce ni ce na ƙi zuwa saboda buhu shida da tukunya ɗaya. Na ce a raina in an yi bakwai zan faɗa. Aka yi bakwai, na ce sai zukata sun huce, ai waya ce, ko yaushe sai in buga. Kun ga halin bai sake ni ba. Abin da ke kusa shi nake bari.

Yau shekara tara. Kun ga abin da ya biyo baya, ko da ba ku san tushensa ba. Shi da Abu 'ya'yan mace biyu ne, nono ɗaya ya shayar da iyayensu, amma ya aurar da 'yarsa ko mutum ɗaya bai zo daga Agege ba. Ya aika wa ƙannenta da abin Sallah an dawo masa da shi. Wasunku ma na ji ku da kunnena kuna cewa Yaya yana da maƙo, kuna kawo zancen tikiti, ina zaune ina jin ku ina tsince shinkafa. Shi kuwa duk wata sai ya zo, ya durƙusa a inda ya saba, ya tambayi ƙafata, ya ajiye abin da ya kawo. Ko da wasa bai taɓa tayar da maganar ba. Babanku ne kaɗai ya sani, kuma har ya koma ga Allah yana ce mini, "Ki sauke wa yaron nan kayan da ba nasa ba." Ina cewa to, gobe.

Waken na taho da shi Haɗeja. Ban iya dafa shi ba. Da damina ta zagayo na watsa shi a bayan ɗaki, ya fito, shi ne wanda kuke ci kuna cewa waken Iya ya fi na kasuwa saurin dahuwa.

Ga abin da nake so. Kada ku jira sai na mutu, kada ku ce sai an gama littafin. Ranar da kuka karanta wannan, a ranar za ku ɗauki hotonsa a waya ku aika wa Abu, ku ce Inna Babba ce ta rubuta da hannunta, tana neman gafararta, da ta ƙannenta. Tikiti sau uku aka saya mini tana da rai. A duka ukun kujera ba ta taɓa yin wuya ba. Ni na sa shi ya faɗi haka, ya faɗa don ni uwarsa ce.

Shekararsa hamsin da ɗaya, bakina bai taɓa furta sunansa ba, kuma na san in na gwada yanzu harshen ba zai juya ba. Amma biro ba shi da kunya. Na tambayi kaina ko Kaka za ta yi mini faɗa, na ga ita ce ma za ta ce in yi sauri kafin ruwa ya zo.

Mustafa. Ga shi nan na rubuta, ku nuna masa wurin. Mustafa, ɗana, ba ka hana ni zuwa ba. Ka yafe mini.